Laka Ɗaya, Bango Biyu

A cikin birnin Zariya akwai wani tsohon zaure da damina ta cinye masa gefe guda. Magada suka ce a gyara shi yadda kakanni suka bar shi. Suka ɗauko wani saurayi da ya karanta zanen gine-gine, suka haɗa shi da wani dattijon magini wanda ya gaji sana'ar tun kaka da kakanni.

Saurayin ya auna bangon. Tsayinsa mita 4, kaurin gindinsa santimita 90, samansa kuwa 30. Da ya buɗe manhajar zane ta Revit a kwamfutarsa sai ya tsaya. Hannunsa ya saba da bangon bulo mai inci 6 ko inci 9, wanda kaurinsa ɗaya ne daga tushe har sama. Sai ya haɗa 90 da 30, ya raba biyu, ya ja bango miƙaƙƙe mai kauri 60. Nan take na'ura ta fitar masa da yawan ƙasar da za a kwaɓa.

Washegari ya shimfiɗa zanen a gaban dattijo. Tsoho ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, gidan wa ka zana?"

"Baba, zauren nan ne. Na daidaita kaurin ne kawai. Ko ta ina aka lissafa, yawan lakar ɗaya ne."

"Ban musa ba," in ji tsoho. "To amma ina ka zuba ta?"

Ya ja shi gindin bangon, ya nuna masa inda tubali suka fito fili. A ƙasa an jera su sahu-sahu a faɗi, ana hawa ana rage sahu. Ya ce gindi ne ke ɗauke da nauyin azara da ƙasar rufi, shi ne kuma feshin ruwa da danshi ke ci kowace damina, dole a ba shi abin da zai rasa ya saura. In aka kwashe daga ƙasa aka ɗora a sama, an raunana mai ɗauka, an ƙara masa kaya. Ya ce a kan wannan ƙa'ida Babban Gwani Mika'ilu ya tayar da Masallacin Juma'a na garin a shekarun 1830.

Saurayin ya ce, "Na'urar ce ba ta yin irin wannan."

"Ka tambaye ta?"

Bai tambaya ba. Da dare ya zauna ya bincika, sai ya tarar tun fitowar Revit ta 2022 akwai damar sa bango ya riƙa sirancewa, a ba kowace fuska tata karkatar. Manhajar ArchiCAD ma tana da bango mai karkata ta fuska biyu. Ya bar fuskar ciki a tsaye, ya kwantar da ta waje da kusan digiri 8 da rabi.

Da bangon ya ɗauki siffarsa ta gaskiya, sai abin da ke ɓoye ya bayyana. Gindin ya ƙara shiga lungu da santimita 30 fiye da zanen farko. Taga ta sama ba ta kai zurfin bakin ƙofa ba. Mafi muni, indararon da ya zana mai fitowar santimita 40 ba ya tsallake gindin, domin saman bangon ya ja baya da 60. Da an sa indararon zanen farko a wannan bango, ruwan rufi duka a jikin bango zai riƙa sauka, ya wanke yaɓen makuba, ya tona tubali.

Ya gyara, ya mayar wa dattijo. Tsoho ya bi layin bangon da yatsa, ya ce, "Yauwa. Gobe a kawo birji."

Lissafi na iya cika daidai, aiki kuma ya lalace, domin jimla ba ta faɗin inda kowane abu ya kamata ya zauna. Mai sana'a ba ya datse gaskiya don ta shiga abin aikinsa. In abin aiki ya gaza, a fara tabbatarwa ba mai riƙe da shi ne ya ƙi koyo ba.