RIJIYA TA BAYAR, KADA GUGA YA HANA

Karatu: Yohanna 4:5-42



Da wuya baƙo ya je Daura ya koma gida bai leƙa rijiyar Kusugu ba. Bisa ga labarin da kakanni suka bar mana, wani maciji mai suna Sarki ya tare rijiyar, ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Bayajidda ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba. Sai ya ari guga, ya tafi da dare, ya sare kan macijin da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Mu lura: ruwa yana nan tun da can, ƙishirwa ma tana nan. Abin da ya tsaya tsakaninsu ne aka kawar.

Bishara ta kai mu bakin wata rijiya, ta Yakubu, a ƙasar Samariya. Yesu ya gaji da tafiya, ya zauna da tsakar rana, ya roƙi wata mace ruwa. Da ya yi mata alkawarin ruwan rai, sai ta dubi hannunsa, ta ga babu guga, ga rijiya da zurfi. Hankalinta yana kan guga, Ubangiji kuwa yana maganar maɓuɓɓuga.

Tun da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, kusan kowane gida ya sami sabon guga. Ikilisiya ba ta ƙyamarsa. Tun ranar 4 ga Disamba, 1963, Majalisar Vatikan ta Biyu, a takardarta Inter Mirifica, ta yaba wa hanyoyin sadarwa, ta kuma gargaɗe mu a kan yadda za mu riƙe su. Bishop na farko na Dayosis ɗin Katsina, wanda aka kafa a 2023, Mai Girma Gerald Mamman Musa, shi kansa masanin ilmin sadarwa ne. Amma guga guga ne: abin da ya tarar shi yake ɗebowa, ko ruwa ko laka. Ga abubuwa biyar da ya kamata mu kiyaye.

Na farko, mu tace kafin mu shayar. Saƙon da ya zo da kibiya biyu a WhatsApp ya bi hannaye da yawa. Tun 2020 ba a iya tura irinsa sai wuri ɗaya a lokaci guda, domin rage yaɗuwar ƙarya. Kafin mu tura, mu tambaya: wa ya gani da idonsa? Yaushe? A ina? Sau da yawa tsohon hoto ne daga wata ƙasa ake ce mana na jiya ne a ƙauyen maƙwabta. Jita-jitar hari tana watsa kasuwa, tana sa manomi ya bar gonarsa, tana ɓata zaman da muka gada da maƙwabtanmu Musulmi. Doka ta takwas ta hana shaidar zur, kuma yatsa yana iya karya ta kamar yadda harshe yake yi.

Na biyu, mu rufe bakin rijiyarmu. Lambobi shida da ake aiko mana ta saƙo mabuɗin gida ne. Kada mu karanta wa kowa su, ko da ya ce daga Zumuntar Mata ko ƙungiyar mawaƙa yake kira. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Idan saƙo ya zo da sunan Fada yana neman kuɗi da gaggawa, mu kira shi mu ji muryarsa tukuna.

Na uku, matar nan ta bar tulunta a bakin rijiya sa'ad da ta gane wanda yake magana da ita. Mu ma mu kashe waya kafin mu tsallake ƙofar coci. Sa'a ɗaya a gaban bagade ba za ta rasa mu da ciniki ba.

Na huɗu, gare ku katekis da malamai. Da yawa daga cikin iyayenmu ba sa karatu, amma suna ji. Ku naɗi darasin mako da muryarku, gajere, kada ya wuce minti uku, ku aika wa waɗanda rashin lafiya ko nisa ya hana zuwa. Ku naɗi waƙoƙin tsofaffi da labarin yadda Bishara ta iso ƙauyukansu tun suna da rai. Ku ambaci suna da gari da rana a farkon naɗin, ku ajiye kwafi a waya ta biyu. Duk da haka, saƙon murya ba ya maye gurbin zama a kan tabarma. Yesu bai aika wa Basamariyar saƙo ba: ya zauna, ya roƙa, ya saurara, ya bi ta a hankali har ta kai ga gaskiya da bakinta. Haka malami yake.

Na biyar, mu girmama kyau. Littafin Fitowa, sura 31, ya nuna cewa Ruhun Allah ne ya ba Bezalel gwanintar aikin zinariya da dutse da itace, kuma Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya rubuta wa masu fasaha wasiƙa ta musamman a 1999. Magini mai zanen soro, da mai ɗinkin hula, da mai sassaƙar ƙwarya, da matashi mai ɗaukar hoto, baiwarsu daga hannu ɗaya take. Mai ɗaukar hoto ya goge gilashin kyamara, ya ba rana baya, ya nemi izini, kada kuma ya ɗauki mai makoki ko wanda haɗari ya rutsa da shi. Waliyyi Carlo Acutis, wanda ya rasu a 2006 yana da shekara 15, ya yi amfani da kwamfuta wajen tattara labaran mu'ujizan Yukaristi; a 2025 aka sa shi cikin waliyyai.

'Yan'uwa, Allah ya riga ya bayar. A cikin baftisma an buɗe mana rijiyar da ba ta da ranar hani. Ya rage gare mu kada gugan da ke aljihunmu ya zama sabon maciji a bakinta.

Mu yi addu'a: Ya Ubangiji Yesu, ka tsarkake hannuwanmu da harsunanmu, domin abin da muke aikawa ya zama ruwan sanyi ga mai ƙishi. Amin.