Baƙo da ɗan gari: wa ya ga wani?

Duk wanda ya dawo daga tafiya, bayan ya gama labarin hanya da tsadar abinci, yakan rufe da hukunci a kan mutanen da ya tarar: «Mutanen wurin nan akwai kirki», ko kuwa «ba su da fara'a». Tambayar da ya kamata mu tsaya a kanta ita ce, mene ne kwana uku ke ba mutum na ikon yanke wa al'umma hukunci, ko da hukuncin yabo ne?

Ƙasar Ayilan ta mayar da wannan yabo jari. Suna da gaisuwa a harshensu mai ma'anar «maraba dubu ɗari», har hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar, Fáilte Ireland, wadda aka kafa a 2003, tana ɗauke da kalmar maraba a sunanta. Marubucin nan Bajamushe, Heinrich Böll, ya fitar da littafin tafiyarsa a can a 1957, ya zana mutanen tsibirin Achill da ƙauna, Jamusawa suka yi ta kwarara don su gan su. Amma cikin ƴan ƙasar akwai waɗanda abin bai yi wa daɗi ba, domin talaucin da ya burge baƙo shi ne ke korar ƴaƴansu zuwa Ingila da Amurka neman abinci.

Mu ma nan mun san irin wannan ido. A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka Gazawa a hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina. Kwanaki kaɗan ya yi. Ya bayyana garin da shingensa na itace da ramin da ya kewaye shi, ya fahimci cewa mutanen na zaune cikin shirin yaƙi saboda Katsinar da Fulani ke riƙe da ita. Barth ya fi yawancin matafiya adalci, don yana jin Hausa, yana tambaya, yana rubuta sunaye. Duk da haka, wanda ya ɗebo masa ruwa da wadda ta dama masa fura sun shige littafinsa kamar inuwa, su kuwa abin da suka gani a jikinsa, da abin da suka faɗa da dare bayan ya kwanta, babu wanda ya rubuta. Yau malamin tarihi a Gazawa, in zai koya wa ɗalibansa yadda garinsu yake a wancan zamani, sai ya ari idon mai wucewa.

An taɓa juya madubin. Dorugu, yaron da aka bautar daga ƙasar Damagaram, ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, ya ba James Schön labarin Turawa da Hausa, har da yadda suke zaman cin abinci, aka buga a Magana Hausa a 1885. Mai karanta shi zai yi dariya, sannan ya lura cewa Turawan ma, a bakin Dorugu, sun zama abin kallo. Ashe lalurar tana tattare da baƙunci kansa, ko wane ne baƙon.

To, sai a ce baƙo ya yi shiru? Ban yarda ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma sau da yawa baƙo na ganin abin da sabo ya rufe wa ɗan gari. Inda nake ganin haƙƙi ya rataya a wuyansa shi ne ya san iyakar abin da aka nuna masa. Mai masauki ba ya buɗe rumbunsa gaban baƙo. Bahaushe da ya ce baƙonka annabinka, zai yanka kazarsa ta ƙarshe, ya yi murmushi, ya amsa «lafiya lau» ko da gidan ya kwana da yunwa. Wanda ya ɗauki wannan kunya a matsayin wadata ya yi kuskure. Wanda kuma ya zo da na'urar ɗaukar hoto a 2005, lokacin ƙarancin abinci a jihar Maraɗi, ya ɗauki yara masu tamowa kaɗai ya koma, shi ma rabin fuska ya kai gida, kuma nasa kuskuren ya fi ciwo, domin ba a nemi izinin uwayen ba sau da yawa.

Ɗan gari ma yana da nasa kason. Ɗan Saga, cikin gundumar Agie, ya yi suna saboda yadda manoma suka raya itatuwa a gonakinsu ta hanyar barin tohon kututture ya girma, har baƙi daga ƙasashe suka riƙa zuwa kallo. Aiki ne na gaske, abin alfahari. Sai dai duk ƙauyen da ya saba karɓar tawaga yakan koyi jawabin da tawaga ke son ji, a fito da wanda ya iya magana, a ɓoye rigimar gona da ta makiyaya. A nan karamci ya fara kusantar ciniki, kuma ba baƙo kaɗai ke da laifi ba.

Kada mu ɗora komai kan Turawa. Mu malamai, da ake tura mu daga wannan gari zuwa wancan, mu ne baƙin da suka fi yawa a ƙauyukan nan. In hutu ya zo muka hau mota a babbar hanya, daga Gidan Rumji zuwa Cadawa, Agie da Gazawa, abin da muke gani na mutanen bai wuce ƴan talla da ke miƙo gyaɗa da dafaffen ƙwai ta taga ba. A kan wannan minti biyar ɗin muke gina maganar da za mu faɗa a ɗakin malamai, cewa mutanen gari kaza rowa gare su, na gari kaza ba su son boko. Yarinyar da ta miƙo gyaɗar kuwa wataƙila ɗalibar abokin aikinmu ce, ita ma ta dube mu ta taga, ta koma gida da nata labarin a kanmu.