Sabuwar bindiga ta cije, maƙerinta yana ƙetaren teku

Maharbin da ya sayi adaka a hannun maƙerin garinsu ya san inda zai kai kuka. In ta ƙi tashi, gobe da sassafe yana bakin maƙera, kuma maƙerin ba shi da damar cewa bai san zancen ba, tunda sahu ɗaya suke tsayawa ranar Juma'a. Mai shan wuya shi ne mutumin N'Djamena da ya tara sefarsa, ya sha zirga-zirgar neman lasisi, ya sayi bindigar farauta ta kamfani sabuwa fil a kwali, ranar farko a daji ya harba, kwanso ya maƙale ya ƙi fita. Ko kuma ya ja kunama ya ji ƙyas, shiru.

A nan sai ya bar bakinta yana kallon inda babu kowa, ya ɗan dakata, domin wani harsashin yakan makara kafin ya tashi, sannan ya buɗe ta. Leƙa bututu kuwa, ko a mafarki.

In ya dawo gida zai tarar da takardar garanti a kwalin, mai alƙawarin gyara kyauta. Sai dai kamfanin yana Italiya ne ko Turkiyya. Bindiga kuma ba a ba wa ɗan'uwa matafiyi ita ya jefa a jaka. Fitarta da dawowarta duk sai da izinin hukuma da na kwastan. Chadi ba ta da teku. Akasarin kayan da ke shigowa birnin nan daga tashar Duwala suke, tafiyar fiye da kilomita 1,500, su biyo ta Kusseri su haye gadar N'Gueli. Don haka fushin duk a kan dila yake sauka, zomo ai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Shi kuma dila tambayoyinsa a shirye suke: wane harsashi ka sa mata, ka goge maiƙon da ta zo da shi, ƙura ba ta shiga ba?

Tambayoyin nan suna ɓata rai, amma ba duka ne na zillewa ba. Maiƙon kamfani in ya haɗu da ƙurar hunturu yakan zama danƙo, kuma harsashi mai araha yakan kumbura a ciki. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake fara ɗora laifi a kan mai saye kafin a ko duba kayan. Kuma ba talaka kaɗai ake yi wa haka ba.

Sojojin Amurka sun ɗanɗana. Da aka raba musu bindigar M16 a yaƙin Biyetnam, an ba su labarin cewa ba ta bukatar yawan goge-goge, har aka tura ta ba tare da isassun kayan tsabtacewa ba. A 1967 wasiƙu suka riƙa isa gida cewa ana tsintar gawar soja kusa da bindigarsa da ta cije. Amsar farko daga sama ita ce sojojin ba sa kula da makamansu. Majalisar wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Richard Ichord, rahotonsa na watan Oktoban shekarar ya nuna inda gizo ke saƙa: hukumar soja ta canza irin albarushin da aka ƙera bindigar a kansa, sabon yana barin dauɗa da yawa kuma yana sa ta aiki da saurin da ya wuce ƙima. Ga shi ba a shafe gurbin harsashi da ƙarfen da ke hana tsatsa ba, a ƙasa mai laima. An gyara daga baya. Ingila ma ta yi fama da tata SA80, wadda yashi ya tona wa asiri a yaƙin yankin Gulf na 1991, amma sai a 2000 aka ba kamfanin Heckler & Koch aikin sake mata kayan ciki. Gwamnati ce wannan, mai lauyoyi da majalisa, ta jira kusan shekara goma.

To ina ga maharbi guda? Hanya biyu ce a gabansa, kowace da ƙayarta. In ya kai wa maƙerin unguwa, wataƙila kafin la'asar an goge ɗan ƙarfen da ke finciko kwanso, ta koma aiki. Amma daga lokacin da magagari ya taɓa ta, garanti ya mutu, kuma in matsalar a kunama take ko a bututu, gyaran kintace yana iya cin hannu ko ido. In ya bi ta dila, sai ya rubuta lambar bindigar, ya ajiye rasit da kwanson da ya maƙale, ya ɗauki hoto, ya karɓi takardar shaidar cewa ya miƙa ta, sannan ya zauna jira har damina ta sauka, lokacin farauta ya wuce. Ni dai ga kunama da bututu na fi son jiran. Ga ƙananan abubuwa kuwa ban ga laifin wanda ya nufi maƙera ba.

Wannan matsala ta girmi birnin N'Djamena kansa. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, don haka Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893 ya zauna a Dikwa, ba shi da kamfanin da zai mayar wa kaya. Bindigoginsa na ganima ne da na fatake, iri-iri, kowace da harsashinta. Maƙeransa ne ke gyara su, a can kuma ake haɗa albarushi. Da irin wannan haɗe-haɗen ya riƙe ƙasa shekara bakwai, har ranar 22 ga Afrilun 1900 da Faransawa suka kashe shi a Kusseri, tsallaken kogi daga nan. Kwamandansu Lamy ma a ranar ya mutu, da sunansa aka kira sansanin da aka kafa a wannan gaɓar, Fort-Lamy, har zuwa 1973 da aka mayar da shi N'Djamena.