Dariyar Bokan Nesa

Shin ya halatta mu yi dariyar wanda ya mai da addini kasuwa?

Fim ɗin barkwanci na Indiya mai suna PK, na shekarar 2014, ya nuna Aamir Khan yana tona asirin wani malamin Hindu mai da'awar ganawa da Ubangiji, alhali dukiyar mabiyansa yake wawura. Wasu ƙungiyoyin Hindu sun yi zanga-zanga a kansa.

A ganinmu fallasa mayaudari ba laifi ba ne, muddin ba'ar ba ta kai ga zagin abin bautar mutane ba, domin aya ta 108 cikin Suratul An'am ta hana wannan. Amma dariya tana da arha idan bokan na nesa ne. Nan Gaya, tsakanin Kamba da Malanbil, ɗan kasuwa yakan biya malamin tsibbu don layar rufe idon ɗan duwan, mai neman haihuwa kuma ta sayar da akuyarta saboda rubutun da aka ce ba ya kuskure. Waɗannan malamai da rawani irin namu suke yawo, a sahunmu suke salla, shi ya sa bakinmu yake nauyi.