LAIMAR RANAR WUYA

Akwai wani wasa da ake yi a ƙasashen Turai da Amurka wanda in an ba mutum labarinsa karon farko sai ya riƙe baki. Mutum ne zai shiga ƙaramin jirgin sama, a hau da shi kamar mita 4,000, a buɗe ƙofa ya faɗo da gangan. Yakan yi kusan minti ɗaya yana zubowa da gudun da ya kai kilomita 200 a sa'a, sannan ya buɗe laimar da ke goye a bayansa, ta sauko da shi ƙasa sannu a hankali. Mai karatu zai zaci babbar shawarar da ɗan wannan wasa ke yankewa ita ce ta fitowa daga ƙofar jirgi. To, su masu abin sun ce akwai wadda ta fi ta nauyi, kuma a ƙasa ake yanke ta, mutum yana zaune lafiya lau, wato ranar da zai sayi sabuwar laima. Wannan shawara nake so mu duba, domin akwai tsohuwar tambaya a cikinta: da wane ma'auni mutum zai auna kansa ya ce ya isa?

Bari mu fara da ita kanta laimar. Tun 1797 wani Bafaranshe mai suna André-Jacques Garnerin ya sauko da laima daga balan-balan a birnin Faris. Laimomin da suka biyo baya na tsawon zamani masu kewaye ne kamar faifai, galibi inda iska ta ga dama nan take ajiye mutum. A 1966 ne Domina Jalbert ya sami rajistar wata ƙirƙira tasa a Amurka, wadda daga baya ta sauya wasan baki ɗaya. Laima ce mai kusurwa huɗu, an ɗinka ta ɗaki-ɗaki, bakin kowane ɗaki a buɗe ta gaba, iska ta shiga ta cika ta, ta zama fiffike sosai. Tana da igiyoyin linzami biyu. In ka ja na dama ka juya dama, in ka ja na hagu ka juya hagu, in ka ja su tare gab da ƙasa sai ta rage gudu ta dire ka a kan ƙafafunka. Ashe ke nan mai laimar zamani matuƙi ne, kuma abin da ke kan kowane matuƙi yana kansa.

Ana auna faɗin laima da murabba'in ƙafa, nauyin mutum da kayansa kuma da laba. In an raba nauyin da faɗin, sai a san nauyin da kowane murabba'in ƙafa ke ɗauka. Alal misali, mutumin da shi da kayansa suka kai laba 200, wato kamar kilo 90, in yana ƙarƙashin laima mai faɗin 230, lissafin bai kai ɗaya ba, 0.87 ne. In ya koma 170 ya zama 1.18, in ya sauko 150 ya zama 1.33. Ɗalibi da babbar laima ake fara masa, mai haƙuri, mai yafe kuskure. Kasuwa kuwa ta jera su mataki-mataki: 230, 210, 190, 170, 150, 135, 120, har ƙasa da haka. Duk matakin da aka sauka gudu yana ƙaruwa, juyi yana ƙara kaifi, kuma a kowane juyi laimar tana cin tsawo mai yawa kafin ta daidaita. Ƙarfin karo da ƙasa kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo ninkawa yake sau huɗu.

To, me ke kai mutum ga barin mai haƙuri ya nemi mai zafi? Dalilan ba su da wuyar ganewa, kuma ba dukansu ne na banza ba. Ƙaramar laima ta fi daɗin tuƙi, ta fi ratsa iska mai ƙarfi, ta fi sauƙin naɗewa, jakarta ƙarama ce mai kyan gani a baya. Bayan haka ga idon jama'a. A filin sauka kowa na kallon gwanayen da ke shararowa da gudu suna shafar ciyawa da ƙafa, kuma kowa ya san lambar laimar ɗan'uwansa kamar yadda samari suka san ƙarfin babur ɗin junansu. Mai dira 100 ko 150 da ke goye da babbar jaka sai ya riƙa jin kansa kamar babban yaro a ajin ƙanana. Daga nan zuciya ta fara raɗa masa cewa wannan laima ta gundure shi, ya wuce ta.

A nan ne ruɗin farko yake. Gundura ba shaidar ƙwarewa ba ce. Abin da take nunawa kawai shi ne tsoro ya tafi, shi kuwa tsoro yakan riga iyawa tafiya da nisa. Mutumin da ya sauka sau hamsin a fili ɗaya, da rana tsaka, iska na kaɗawa daidai fuskarsa, abin da ya sani shi ne yadda laimarsa ke yi a ranar daɗi. Bai san ta ba a ranar da jirgi ya zubar da su nesa da fili, ya rasa wurin sauka sai wani ɗan tsukin gona tsakanin wayoyin lantarki. Bai san ta ba a ranar da iska ta juya, ko ranar da wani ya gitta masa yana saura mita ashirin ya taɓa ƙasa. Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sharrinsa shi ne mai shi ba ya ganin iyakarsa, domin idon da zai gane kuskuren shi ne ainihin abin da bai samu ba tukuna.

Saboda haka malaman wasan ba sa tambayar mutum yadda yake ji a ransa. Abin da suke tambaya shi ne me ya iya yi da laimar da ke hannunsa. Ya iya sauka a cikin ɗan da'irar da aka zana masa sau da dama a jere? Ya iya sauka iska na bugunsa ta gefe, ko babu iska sam? Ya iya juyawa da birki a riƙe, yadda zai kauce wa abu gab da ƙasa ba tare da laimar ta tsunduma da shi ba? In bai iya waɗannan da mai haƙuri ba, mai zafi ba za ta koya masa ba. Ƙungiyar masu wasan ta Amurka, USPA, ta kasa lasisinta huɗu: na farko bayan dira 25, na biyu 50, na uku 200, na huɗu 500, kowanne da jarrabawarsa. Amma ko adadin ma bai wadatar ba, domin mai dira 300 da ya yi su cikin shekara goma ba ɗaya yake da wanda ya yi su cikin shekara biyu ba.

Ruɗi na biyu ya fi na farko zurfi. A da, babban abin tsoro shi ne laima ta ƙi buɗewa. Masu ƙira suka yi ta aiki a kan haka. Kowane ɗan wasa yana ɗauke da laima biyu, babba da ta ko-ta-kwana. Bill Booth na Amurka ya ƙirƙiro zobba uku da ake sakin babbar laima da su cikin sauƙi in ta lalace. A 1991 wani kamfanin Jamus ya fito da na'urar CYPRES, wadda ke buɗe laimar ko-ta-kwana da kanta in mutum ya kusa ƙasa yana zubowa da gudu. Sai ga abin mamaki: daga shekarun 1990 aka riƙa samun mutane da dama suna mutuwa ko karairayewa alhali laimarsu a buɗe take, lafiyarta ƙalau, sun dai yi kaifin juyi kusa da ƙasa ne. Shi Booth ɗin an san shi da ra'ayin cewa duk sa'ad da kaya suka ƙara aminci, 'yan wasa sukan ƙara ganganci su cike gurbin. Masanin tattalin arziki Sam Peltzman ya yi irin wannan hasashe a 1975 game da direbobi da dokokin kariyar mota. Wato ɗan Adam in aka ba shi rarar aminci, da wuya ya ajiye ta, kashe ta yake yi.

Wani zai ce, to ina ruwan wani? Ransa ne, kuɗinsa ne, kuma wanda ke son zaman lafiya zalla ai ba zai hau jirgin ba tun farko. Bugu da ƙari, gwanayen da ake sha'awa a yau da ba su matsa gaba ba da ba su zama gwanaye ba. Wannan magana tana da ƙarfi, ban kuwa raina ta ba. Wanda ya hana balagagge ɗaukar kasada gaba ɗaya ya tauye shi, kuma tsayawa wuri ɗaya don tsoro shi ma aibi ne. Sai dai akwai abu biyu da maganar ta tsallake. Na farko, sararin ba nasa ba ne shi kaɗai. Jirgi ɗaya kan zubar da mutum ashirin, duka su nufi fili ɗaya cikin 'yan mintuna, kuma mai gudun da bai iya riƙewa ba yana iya afka wa wanda bai ji ba bai gani ba. Ga kuma waɗanda za su ruga su ɗauke shi, da iyalin da za su yi jinya. Na biyu, kasada tana zama zaɓin mutum ne in ya san girmanta. Wanda ya sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba, ba za a ce ya yarda da abin da ke ciki ba. 'Yancinsa na gaskiya yana farawa ne daga ranar da ya san abin da yake saye.

A ganina, ke nan, amsar tambayarmu ita ce mutum ya auna kansa da ranarsa mafi muni. Akwai misali a cikin kayan wasan kansu. Girman jaka shi ke iyakance girman laimar ko-ta-kwana, don haka mai son ƙaramar jaka yakan ƙare da ƙaramar ko-ta-kwana. Alhali ita wannan laima ana buɗe ta ne sa'ad da komai ya riga ya dagule, ƙasa ta matso, hankali ya tashi, wataƙila kafaɗa ta goce, wataƙila ma mutum a some yake na'ura ce ta buɗe masa. Wanda ya zaɓe ta yana tunanin kansa a ranar da yake garau ya yi wa wani mutum daban sayayya. Mai hankali yakan tuna da wancan raunanan da zai iya zama wata rana, ya yi zaɓin dominsa.

Sannan ya yarda cewa shaidar da mutum ke yi wa kansa ita ce mafi rauni, domin alƙalin yana da buƙata a shari'ar. Ya nemi malamin da ya sha ganin saukarsa, wanda ba shi da laimar sayarwa, ya tambaye shi tsakani da gaskiya, kuma in amsar ba ta yi masa daɗi ba kada ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya har ya sami mai ce masa to. In zai sauka, ya sauka mataki ɗaya, kada ya haɗa rage faɗi da sauya ƙira a lokaci guda. Lissafin ma a fili yake. Wanda ya yi jinkiri fiye da kima, abin da ya rasa shi ne ɗan nishaɗi na wata shida ko shekara, laimar kuwa tana nan a kasuwa tana jiransa. Wanda ya yi gaggawa yana iya rasa ƙashin cinya ko na baya, ko abin da ya fi haka. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, in ji Hausawa, amma dubu ba ta fitar da shi.

A filayen wasan akan ga dattawa masu dira dubbai waɗanda, da shekaru suka ja, suka koma wa babbar laima ba tare da jin kunyar kowa ba. Samari kan wuce su da gudu a sama, su kuwa su sauko a hankali, su naɗe kayansu, su shiga layin jirgi na gaba.