Ɗa na kowa ne, bawa sai mai shi

Yanzu rabin maganar kawai ake faɗa. Maƙwabci ya tsawata wa yaro, uwar ta ce ai ba komai, ɗa na kowa ne. Kakanninmu da suka ga rinjin bayi da idonsu kuwa sai sun ƙarasa ta: bawa sai mai shi.

A rabin na biyun nauyin yake. Ɗa in an zalunce shi, dangi za su taso, mai unguwa zai sa baki, alƙali zai saurara. Bawa kuwa, wanda ya zalunce shi shi ne wanda zai kai wa ƙara. Ko an bar shi ya je birni ya yi jima ko dako, sai ya kawo wa ubangidansa murgu, wato yana biyan kuɗin hayar ƙarfinsa. A ganina wannan ya fi mari a ƙafa ciwo, domin mari maƙeri na iya cire shi. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne, amma sai 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewacin Najeriya.

Ɗaurarre ma haka yake. Mafi yawan waɗanda ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, kuma wanda ba shi da mai bin sawun takardarsa yakan shekara da shekaru ba a kira sunansa a kotu ba.

Hadijatu Mani ta ɗanɗana duka biyun, bauta da ɗauri. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a matsayin wahaya, wato ƙwarƙwara, a yankin Birnin Ƙonni, a Nijar. A 2005 ubangidan ya ba ta takardar 'yanci, amma da ta auri wanda take so sai ya ce matarsa ce, aka ɗaure ta da laifin aure kan aure. Ƙungiyar Timidiriya ce ta tsaya mata har kotun ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoba, 2008 kotun ta umarci gwamnatin Nijar ta biya ta diyyar sefa miliyan 10, domin alƙalan ƙasar sun ji daga bakinta cewa baiwa aka mai da ita, suka kau da kai, alhali dokar ƙasar ta haramta bauta tun 2003.