Shawarar mai hannun jari

Ƴan uwa ɗalibai, a Hausa ana cewa "mu yi shawara", wato abu ne na mutum biyu, kowa da bakinsa. Wannan ne ya sa nike tambaya: in mai ba ka shawara yana da kaso cikin dukiyarka, shawara ce yake ba ka ko umarni?

Misalina Y Combinator ne, gidan renon sabbin kamfanoni da Paul Graham da abokansa uku suka kafa a Amurka a 2005. Matasa su zo da ɗan kamfaninsu, a ba su jari da horo na wata uku, gidan ya ɗauki kashi 7 cikin 100. A ƙarshe kowa ya tsaya gaban masu kuɗi ya tallata kansa cikin ƴan mintoci. Airbnb da Dropbox nan suka bi. Paystack na Legas ma ya shiga a 2016, kuma a 2020 Stripe ya saye shi a kan sama da dala miliyan 200.

Horon yana da amfani ƙwarai. Ana ce ma yaro ya bar zaman ɗaki ya je ya saurari masu saye. Masu Airbnb sun bi gida gida a Niyok suna ɗaukar hoton ɗakuna da hannunsu.

Amma ni da nike karatun harshe, abin da ya fi jan hankalina shi ne kalmomin da ake koya ma yaran. Graham ya rubuta cewa girman kashi 5 zuwa 7 a kowane mako shi ne ci gaba mai kyau. Wanda ya yi wata uku yana auna kansa da wannan mudu, kamfani mai ciyar da gida goma cikin rufin asiri zai zama faɗuwa a idonsa. Kalmar "nasara" ta sake ma'ana a bakinsa bai sani ba.

Kuma lissafinsu ba ɗaya ba ne. Gidan reno ya zuba jari a dubban kamfanoni, in kaɗan suka yi fice ya ci riba. Shi yaro kamfani guda gare shi, da ƙuruciya guda. "Ka yi sauri ko ka mutu" gaskiya ce ga mai garke, caca ce ga mai akuya ɗaya.

Ban ce a guje su ba. Mu ma a Yamai akwai CIPMEN, kuma wasunmu za su ƙwanƙwasa irin wannan ƙofa. Haƙƙin mai ba da shawara ne ya faɗi inda ribarsa take. Kai kuma kafin ka ce "to", tambaye shi: in abin ya rushe, mi za ka rasa, ni kuma mi zan rasa? In ya ba ka amsa a fili, ku yi shawara.